Abin da Na Ɓoye a Rumbu

Asabe, Ɗanladi, da ke auta Jummai, wannan shi ne babin da na yi ta tsallakewa. Na rubuta muku labarin ƙauyenmu, na rubuta na aikin malamin gona, har jakin da ya kayar da ni a kasuwar Danko gaban jama'a ban ɓoye muku ba. Amma duk lokacin da na iso shekarar da Rakiya ta bar gidan nan, sai biro ya yi mini nauyi, in ce bari in sha ruwa tukuna. Na kai shekara biyu ina shan ruwan nan. Yau dai zan faɗa, domin abin da kuka sani game da matar nan ba gaskiya ba ne, kuma ni na bar ku a kansa.

Sai kun san irin mutumin da aka yi ni kafin ku gane wautata. A wajenmu, zamanin da muka taso, da garma ake auna namiji. Shekara bakwai na yi wa mahaifiyarku Marka golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shi da abokansa kafin a ba shi mata. Ba a taɓa wuce ni a huɗa ba, ko sau ɗaya, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Ko bayan da na yi boko na samu aikin gwamnati, na koma Zuru da zama, na iya ɗaura agogo, a raina ni dai yaron nan ne da ake yi wa guɗa a bakin gona. Kakanku na wajen uwa yakan ce Bawa ba ya gajiya, sai dai rana ta gaji ta faɗi. Da wannan maganar na yi ta rayuwa har na haura hamsin.

Bayan rasuwar Marka sai jikin ya fara ƙi. Da fari na ce baƙin ciki ne, kowa ma haka ya ce. Amma shekara ta zagayo, baƙin cikin ya lafa, gajiyar tana nan. In na zauna bayan azahar sai barci ya sace ni kamar jinjiri. Garmar da nake wasa da ita ta koma nema take ta ja ni ƙasa. Tumbi ya fito, damtse ya saki, raina ya daina son komai, har miyar yakuwa da nake mutuwa a kanta. Akwai kuma wani abin da namiji ba ya faɗa wa 'ya'yansa, to shi ma ya tafi. Ku yi haƙuri da ni a wannan babin. Kunya ce ta kai ni inda na je, ba zan bari ta sake rufe mini baki ba.

A cikin wannan halin yayata Kande, gwaggonku, ta ga cewa maganina aure ne. Kun san Yaya Kande, in ta yanke magana ko sarki sai ya duba gefe. Ita ta je Ribah ta samo Rakiya, tela, mai shekara talatin da biyar, wadda mijinta ya rasu a hatsarin babur tun ba su daɗe da aure ba, bai bar ta da ɗa ba. Mace ce mai ƙarancin magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ranar da na je ganinta na yi ta zuba mata labarin gidan siminti da fanshon da nake jira, tana sauraro tana wasa da zare. Da na gama sai ta ɗago.

"Malam, ni ba gida nika nema ba, muna da gida. Abu guda nika roƙon Allah, in ga nawa ɗa kahin lokaci shi wuce. In kai ka gama da wanga batu, hwaɗa mini yanzu, ba laihi."

Na buga ƙirji na ce mata ai ni yanzu na fara. Har da dariya na faɗa.

Aka ɗaura aure bayan kaka. Ba a yi wata biyu ba na san ina cikin matsala. Ita ba ta ce komai ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo. Sai na ce mata za a tantance 'yan fansho a Sakkwato, na hau mota na tafi wani asibiti can, inda ba wanda ya san ubana. Likitan da na samu yaro ne, bai girmi Ɗanladi ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni rabin cibin kawai na nuna. Ya sa aka ɗebi jinina da sassafe, ya ce in dawo wata safiyar a sake, don awo ɗaya ba ya isa. Ya duba sukari, ya duba hawan jini, ya duba mafitsara da abin da ke kusa da ita. Daga ƙarshe ya ce sinadarin da jikin namiji ke yi a maraina, wanda suke kira testosteron, nawa ya yi ƙasa sosai, kuma akwai allurar da ke mayar da shi. Na ji kamar an sauke mini buhun dawa daga ka. Ashe ba lalacewa na yi ba, ciwo ne mai suna, kuma yana da magani. Ya ɗauki biro, sai kuma ya ajiye.

"Baba, kafin in rubuta, tambaya ɗaya. Kana da niyyar sake haihuwa?"

Ya yi mini bayani dalla-dalla, ba zan ɗora masa laifin komai ba. Ya ce gidan da kullum ake kawo masa dafaffen tuwo daga waje, murhunsa mutuwa yake yi. In aka riƙa zuba wa jiki sinadarin nan ta allura, maraina sai su daina aikinsu, kuma a murhu ɗaya ake dafa sinadarin da irin haihuwa. Ƙarfi zai dawo, sha'awa za ta dawo, amma irin zai ragu, a wajen mutane da yawa ma ya ɗauke gaba ɗaya. In an daina yakan farfaɗo bayan watanni ko shekara, amma ga mai shekaruna ba zai yi mini alkawari ba. Ya ce in ina son haihuwa akwai wata hanyar, maganin da ke tayar da murhun gida ya dafa da kansa, sai dai tana da jinkiri, tana son haƙuri da yawan zuwa awo, kuma zai so in zo da iyalina a yi maganar tare.

Kalma biyu na ji a cikin duk bayaninsa: jinkiri, da kuma iyali. Na hango kaina zaune kusa da Rakiya, yaron nan yana karanta mata abin da ya same ni. Na hango wasu watannin na shirunta. Sai na gyara hula na ce masa ni na gama, jikoki gare ni. Jikokin gaskiya ne. Sauran kuwa ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun tana bakina.

Ya rubuta. Ya ce allura ɗaya duk bayan mako uku, in riƙa dawowa awon jini duk bayan wata uku, kada in ƙara, kada in sayi ta kasuwa, kada in ba wani. Da na dawo Zuru na kai takardar wajen Baban Ngozi, Ibon nan mai kemis kusa da tasha, wanda ya yi aikin asibiti kafin ya buɗe shago, ya kuma fi wasunmu daɗewa a garin nan. A bayan labulen shagonsa yake yi mini ita a ɗuwawu, allura mai mai, mai shiga a hankali, wadda ke barin wurin da tsami kwana biyu. Kwalaben allurar kuwa na zuba su a gwangwanin irin kuɓewa na tura cikin rumbu. Kun san dokar gidanmu tun kakanni, mace ba ta leƙa rumbun miji, shi ke hawa ya ɗebo ya auna mata. Na duba duk faɗin gidan nan ban ga inda ya fi nan aminci ba.

Makon farko ban ji komai ba sai tsamin wurin allura, har na fara cewa yaron nan ya cuce ni. A cikin mako na uku na tashi wata safiya na ji yunwa, yunwa ta gaske, na cinye ɗumamen tuwo na nemi ƙari. Daga nan abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya kamar awaki da yamma. Barcin rana ya tafi. Na fara yi wa mutane ba'a kamar da. Abin da na je Sakkwato dominsa ya dawo, Rakiya ta fara waƙa in tana taka keken ɗinki. Kafin wata huɗu wandona ya fara yi mini yawa a ƙugu, riga ta fara matse kafaɗa. Da damina ta faɗi aka yi gayya a gonar wani maƙwabcinmu, na karɓi garma daga hannun wani saurayi da sunan wasa, na bar samari uku a baya. Mata suka yi guɗa. Wani tsoho ya tuno kirarin golmona ya yi mini. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na yi farin cikin da na manta akwai irinsa a duniya. Shi ya sa ba na zagin allurar. Abin da aka ce za ta yi, ta yi.

Sauran abin da likita ya ce shi ma ya zo, bai bar ko ɗaya ba. Ƙuraje suka feso mini a baya kamar ɗan shekara sha biyar, fuska ta riƙa maiƙo. Minsharina ya ƙaru har Jummai, da take gida lokacin, ta ce injin niƙa aka kawo. Kwana biyu ko uku bayan allura zuciyata ba ta ɗaukar wargi, ƙaramin abu sai in hau faɗa, na taɓa jefa buta a kan kazar da ba ta yi mini komai ba. In mako na uku ya zo kuma sai in yi laƙwas, ina ƙirga kwanaki kamar mai jiran albashi. A awo na uku aka ce jinina ya yi kauri, aka ɗebe mini leda guda aka rage yawan allurar. Maraina kuwa suka ƙanƙance, na gani da idona, na san murhun ya mutu kamar yadda aka faɗa. Duk wannan Rakiya ba ta san dalilinsa ba. Ita ke shafa mini magani a ƙurajen, tana cewa zafin damina ne.

Shekara ta cika ba ciki. A nan Yaya Kande ta fara zuwa da ƙulle-ƙulle. Saiwa daga Bena, sassaƙe daga wani mai magani a Danko, garin da ake damawa da nono, wanda ake turarawa, wanda ake jiƙawa ya kwana. Akwai wani jiƙo baƙi da warinsa kaɗai ke korar ƙuda. Kowace safiya Rakiya takan zauna a kan turmi, ta toshe hanci, ta shanye ƙoƙo guda, ni ina gefe ina shan kununa. Ta je asibiti da kuɗin ɗinkinta, aka yi mata awo iri-iri, har da wanda ake duba hanyar mahaifa, ta dawo tana tafiya a duƙe ta kwana biyu ba ta taka keke ba. Aka ce ba su ga komai ba, ta zo da maigida. Ta faɗa mini a hankali, bayan na ci abinci, a gaban Yaya Kande don tana ganin za ta taya ta roƙo. Ban ma buɗe baki ba yayata ta amsa.

"Wa za a auna? Bawa? Mutumin da yab ba samari kunya gonar gayya, mai ɗiya ukku da jikoki? Ke dai ki ci gaba da shan magani. Gona in ba ta yi ba, ba a tuhumar ruwan sama."

Kun ga yadda abin ya juya. Ƙarfin da na saya da haihuwarta, shi aka kafa shaida a kanta. Duk huɗar da na ja, duk buhun da na ɗaga a gaban mutane, ƙara tabbatar musu nake cewa laifin nata ne. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina wanke hannu, na ce Yaya ta yi gaskiya, a bar wa Allah.

Mutum ɗaya ne ya taɓa tsare ni. Wata rana Baban Ngozi yana zuƙo allurar, bayansa gare ni, ya ce matarsa ta ga Rakiya a layin mata a asibiti.

"Malam Bawa, madam ya san wannan abu da muke yi?"

Na ce masa ya yi aikinsa. Ya yi, amma ranar bai ce mini sai an jima ba.

Kada ku ce ban taɓa gwadawa ba, ko da yake gwajin ma abin kunya ne. Bayan maganar nan na ce zan daina a ɓoye, murhu ya farfaɗo, ciki ya samu, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ban koma wajen likita ya nuna mini yadda ake yi ba, don sai na faɗa masa na yi ƙarya. Na tsallake allura biyu. Abin da ya biyo baya ya fi na farko muni, domin na waje ya yanke, na gida bai tashi ba. Na kwanta kamar tsumma, gumi yana karyo mini ba dalili, raina ya yi baƙi har ina jin hawaye in na ga akuya da ɗanta. Mutane suka fara tambaya ko lafiya. Likitan ya ce watanni, ni mako bakwai na iya. Ranar da wani yaro ya karɓe mini buhu ya ce Baba kawo in taimaka maka, ranar na koma bayan labule. A nan na yi zaɓin da gaske. Na farko a Sakkwato ina iya cewa tsoro ne da gaggawa. Wannan kuwa na san nauyin kowane ɓangare, na ɗora sunana a gefe ɗaya, na ɗora ɗan Rakiya a ɗayan, na zaɓi sunana.

Asabe, yanzu na zo kanki, kuma ba don in kunyata ki ba. Ranar sunan ɗanki na uku, da Rakiya ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririn, kika ce wa ƙawarki a ba juya ta ɗan ɗanɗana. Kin ɗauka a hankali kika faɗa. Ta ji, ni ma na ji, ina bakin ƙofa ina raba goro. Ta rungume yaron ta yi masa addu'a ta mayar, ta je ta kama wanke-wanke. Na san kin daɗe da manta wannan. Kada ki ɗauke shi a ranki yanzu, bakinki ne ya faɗa, amma ni na sa miki kalmar a ciki. Uba na gari da ya tsawatar a wurin. Ni goro na ci gaba da rabawa.

A daminar shekara ta uku na lura ta canja wurin zama. Da can takan juya baya in za ta sha jiƙon. Sai ta koma zama tana fuskantata, ta ɗaga ƙoƙon da hannu biyu, ta tsaya tana kallona ta samansa, kamar mai jiran a ce mata wani abu, sannan ta shanye. Kullum haka. Na ɗauka ɗacin ne ya ishe ta. Sai na koma shan kununa a zaure.

Bayan an gama girbi ta same ni ta durƙusa ta ce tana son takardarta. Ba faɗa, ba kuka. Na yi 'yan maganganun da ake yi, ta ce ta riga ta yi shawara. Na rubuta. Aka ɗaure keken ɗinkinta a bayan babur ɗaya, ita ta hau ɗayan, suka kama hanyar Ribah. Yaya Kande ta ce kunya ce ta kore ta, gari ya ɗauka, ku ma kuka ɗauka. Abin da ban yi tunani ba shi ne magana ta fi babur sauri. Kafin ta isa, sunan juya ya riga ta. Mace ta yi gida biyu ba ɗa, na biyun ma gidan Bawa mai garma, wane mai neman haihuwa zai tunkare ta? Shekara biyar ta zauna ba mai tambaya. Daga baya ta auri wani dattijo mai neman wadda za ta kula da shi. Lokacin da ta ce mini tana tsoron ya wuce, ya wuce.

Ni kuma na ci gaba da allurata har shekara takwas, sai hawan jini da kaurin jinin suka sa wani likitan ya ce a tsaya, ya sauke ni a hankali. Ga ni nan yadda kuke ganina, da sanda. Ƙarfin aro ne, mai shi ya karɓi abinsa. Da jikin ya yi sanyi sai tunani ya samu wurin zama. An ce da na sani ƙeya ce, to ni tawa har ciwo take yi.

Bara waccan na ce muku zan je gaisuwar rasuwa a Ribah. Wajenta na je. Na same ta a rumfar shagonta da hantsi, tana ɗinka kayan 'yan makaranta, furfura ta fito mata a goshi, ta sa tabarau. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, ta tambayi kowannenku da suna, har da yaron da ta ɗauka ranar suna. Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman akuya, daga ƙarshe na faɗa mata duka, tun daga Sakkwato. Ba ta daina ɗinki ba sai da ta kai ƙarshen layi. Sannan ta jawo gwangwanin maɓallai, ta tona, ta fito da wata 'yar kwalba da ba komai a ciki, ta ajiye a gabana. Na gane ta tun kafin ta taɓa tebur.

Ta ce a daminar nan ta ƙarshe, ranar da na tafi awo, iska ta yaye jinkar rumbu, ruwa yana shirin sauka, ba namiji a gida. Ta tsaya tana tunanin doka, ta ga dawar shekara za ta lalace, sai ta hau. A nan ta ga gwangwanin. Ta ɗauki kwalba ɗaya da takardar da ke cikin kwalin ta kai wa 'yar ƙanwar babarta, ungozoma a asibiti, ita ta karanta mata. Hatsina ta hau ceta, ta sauko da wannan.

Na tambaye ta, to don me ta ci gaba da shan jiƙon, don me ba ta tona ni ba.

"In ni na hwaɗi, na tona maka asiri ke nan. In kai ka hwaɗi, ka ruhe mini nawa. Shi nika jira. Kai da kay yi ma Marka noma shekara bakwai, na ce bari in ba ka wata bakwai ka yi mini magana guda. Kullum na ɗauki ƙoƙon ina dubinka, ko za ka ce Rakiya aje shi. Sai ka koma zaure."

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta daɗe da yafewa, don ba ta son ta je gaban Allah da kayan wani a kai. Ta sa zare a allura, ta gyara tabarau.

"Amma Malam, ka yi kuskuren ƙohwa. Ni na sani. Tahi ka hwaɗa ma waɗanda ba su sani ba."

Shekara biyu ke nan, ruwan da na ce muku ina ta sha. Ko a nan ma sai da na sa ta jira.

Ɗanladi, kai ma ka kama hanyar hamsin, na ga yadda kake zama bayan cin abinci. In ranar ta zo, je asibiti, ba abin kunya ba ne, kada ka sayi komai a kasuwa. In magani ya kama ka sha, ka sha, ka yi awon da aka ce. Amma ka tafi da matarka ta zauna a kujerar da ke kusa, kuma in likita ya ajiye biro ya yi maka tambaya, ka ba shi amsar da za ka iya maimaitawa a gida.

Kwalbar tana nan gabana a kan tebur, ta ce in tafi da ita, ta gama ajiyarta. Rakiya ba juya ba ce. Lafiyarta lau, likitoci sun faɗa, ni na sani tun ranar farko. Ina son a kwafi wannan babin a kai Ribah, a ba limamin unguwarsu da duk wanda ya iya karatu a danginta, tun ina da rai, ba bayan an binne ni ba. Ke kuma Asabe, ke za ki karanta wa gwaggonki Kande. Ku zauna a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Kunnenta ya yi nauyi yanzu, sai kin ɗaga murya sosai.